In Jini Ya Koma Tsokar da Aka Danne

Kowa a cikinmu ya taɓa zama bisa tabarma ya tanƙwashe ƙafa har ta sage. In ka tashi sai ka ji kamar ba taka ba ce. Jim kaɗan kuma sai ka ji kamar ana tsira maka allurai. To, ku lura da abu guda. Sa'ad da ƙafar ke danne ba ka jin kome. Sai da ka sake ta sa'an nan zafi ya zo.

Wannan ƙaramin abu ne, kafin ka yi taku ashirin ya wuce. Amma akwai babbansa, wanda ya kan raba mutum da ƙafarsa, wani lokaci har da ransa. Shi ne in wani abu mai nauyi ya danne hannu ko ƙafa awa da yawa, ko kuwa aka ɗaure su tamau har jini ya daina shiga. Mu kan zaci da an ɗauke nauyin, ko an kwance igiyar, shi ke nan an huta. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Jinin da ya komo ya kan zo da tasa ɓarnar. Cikin masu yin ɓarnar nan kuwa har da masu tsaron jikinmu, watau fararen ƙwayoyin jini. A wannan darasi za mu ga yadda haka ke faruwa, da abin da ya kamata mu yi.

Abin da aka gani a Landan

A shekarar 1940, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen saman Jamus suka shiga zuba bama-bamai a Landan, babban birnin Ingila. Sun fara ran 7 ga Satumba, suka yi ta yi har watan Mayu na 1941. Gidaje suka yi ta rushewa a kan mutane. Masu ceto su kan kwana suna tono. A kan tarad da mutum da ransa, bango ko katako ya danne masa cinya awa da yawa. A ɗaga, a jawo shi. Wani ba karaya, ba zubar jini, yana magana sarai. Kowa ya yi murna, a ce ya tsira.

Akwai wani saurayin likita a asibitin Hammersmith, sunansa Eric Bywaters. Shi da abokin aikinsa, Desmond Beall, suka lura da wani abin mamaki. Bayan 'yan awoyi sai ƙafar da aka danne ta kumbura, ta yi tauri. Mutumin ya yi sanyi, ya yi ta gumi, ƙarfin bugun jininsa ya faɗi. A ƙara masa jini ko ruwa, ya farfaɗo. Amma fitsarinsa sai ya ragu, ya koma baƙi-baƙi kamar ruwan shayi mai kauri. Daga nan ya ɗauke. Wajen mako guda sai mutumin ya mutu.

A watan Maris na 1941 suka rubuta labarin mutum huɗu da suka mutu ta wannan hanya. Da aka duba ƙodarsu sai aka ga ƙananan magudanan cikinta sun toshe da wani abu mai duhu. Bywaters ya bi diddigi, ya gane abin nan daga tsokar da ta lalace ya fito.

An san abin da ya kashe ƙoda ke nan. Amma saura tambaya guda. Me ya sa ƙafar ba ta kumbura sai bayan an sake ta? Me ya sa ta ke ƙara lalacewa alhali jini ya komo? An yi shekara wajen arba'in kafin a sami amsa sosai. Domin mu gane amsar, sai mu fara da jinin kansa.

Abin da ke cikin jini

Babban mutum yana da jini kamar lita 5 a jikinsa. In ka dube shi da ido sai ka ce jan ruwa ne kawai. Amma in aka sa ɗigo guda ƙarƙashin madubin likita, wanda ke ƙara girman abu, sai a ga ruwa ne fatsi-fatsi da ƙwayoyi maƙil a ciki.

Mafi yawansu jajaye ne. A ɗigon da bai wuce kan allura ba akwai jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 5. Aikinsu dako. Su ke ɗaukar iskar da mu ke shaƙa, wadda a ke kira oksijin, daga huhu su kai ta ko'ina a jiki.

Sa'an nan akwai farare. Su ba su da yawa kamar jajaye. A wannan ɗigo ba su wuce 4,000 zuwa 11,000 ba. Su ne dakarun jiki. A cikin ɓargo a ke yin su. Iri-iri ne, amma biyu za mu riƙe. Na farko su ne 'yan gaba-dai, likitoci na ce musu niyutirofil. Sun fi rabin dukan fararen ƙwayoyi, su ke fara isa duk inda aka yi rauni. Na biyu su ne masu shara, waɗanda a ke kira makarofej. Su sai daga baya su ke zuwa.

Mutum biyu ne suka fara nuna mana halin dakarun nan. A 1867 wani likitan Jamus, Julius Cohnheim, ya sa naman kwaɗo mai rai ƙarƙashin madubi. Ya ga fararen ƙwayoyi suna maƙalewa a bangon hanyar jini, sa'an nan su kutsa ta cikin bangon su fita waje. A 1882 kuma wani masani daga Rasha, Elie Metchnikoff, yana zaune a garin Messina ta ƙasar Italiya, ya ɗauki 'ya'yan wata dabbar teku masu jiki garau kamar gilashi, ya tsira musu ƙaya. Da gari ya waye ya tarar ƙananan ƙwayoyi sun taru sun kewaye ƙayar. Daga nan aka gane akwai ƙwayoyi a jiki masu kai wa baƙo hari su haɗiye shi.

Mu ma mun sha ganin aikinsu. Mugunyar da ke fita daga maruru, yawancinta gawawwakin dakarun nan ne da suka mutu wurin yaƙi da ƙwayoyin cuta. In ba dominsu ba, ƙaya guda ta isa ta kashe mutum.

Tsoka in ta rasa jini

Tsoka ita ce jan naman jikinmu. Da ita mu ke noma, da ita mu ke daka, da ita mu ke tafiya. A jikin namiji lafiyayye ta kan kai kashi 40 cikin 100 na nauyinsa. An yi ta ne da zare-zare masu rai, sirara ƙwarai. Kowane zare yana da ƙananan hanyoyin jini a gefensa, waɗanda suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba. Jajayen ƙwayoyi ma sai sun bi layi ɗaya-ɗaya su ke wucewa.

Ku ɗauki kowane zaren tsoka kamar kwale-kwale mai ɗan yoyo. Muddin akwai mai kwarfe ruwa, jirgi na tafiya lafiya. Zaren tsoka ma haka ya ke. Dare da rana yana tura gishiri da ruwa waje, yana riƙe wani sinadari mai suna fotasiyam a ciki. Wannan aiki yana bukatar ƙarfi, ƙarfin kuwa sai da oksijin.

In jini ya yanke, oksijin ya yanke. Tsoka ta ɗan lallaɓa da guzurin da ta ajiye. In ya ƙare, mai kwarfe ya gaji. Ruwa ya shiga, zare ya kumbura, tsami ya taru, fotasiyam ya fara zuba waje.

Tsoka tana da haƙuri, amma haƙurin yana da iyaka. Likitoci masu fiɗa su kan ɗaure hannu ko ƙafa da gangan don kada jini ya dame su wurin aiki, amma suna duban agogo, ba su son wuce awa 2. Daga awa 3 zuwa 4 zare-zare sun fara mutuwa. In aka kai awa 6, yawancin tsokar ba ta dawowa.

Saboda haka tsoka ba ta da wani mai ceto sai jini. Kome za mu faɗa nan gaba, kada ku manta da wannan: tilas ne jini ya koma, kuma gwamma ya koma da wuri.

Sa'ad da jini ya komo

Kun san garwashin da toka ta rufe. In ka hura shi a hankali sai ya kama. In iska mai ƙarfi ta buge shi gaba ɗaya sai tartsatsi ya tashi, ya faɗa kan danga. Haka oksijin ke yi wa tsokar da ta daɗe da yunwa.

Lokacin da jini ke yanke, wani datti ya kan taru a tsoka da bangon hanyoyin jini. Da oksijin ya komo ya gamu da dattin nan, sai su haifi wasu sinadarai masu ƙuna. Bari mu kira su tartsatsi. A 1981 masana uku a Amurka, Granger da Rutili da McCord, suka nuna haka a hanjin kyanwa. Daga baya aka ga haka abin ya ke a tsoka da zuciya da sauran sassan jiki.

Cikin kowace hanyar jini akwai shimfiɗa mai santsi, don jini ya wuce ba tare da ya kama ba. Tartsatsin nan ya kan ƙone shimfiɗar. Ita kuwa da ta ji ƙuna sai ta yi abu biyu. Ta saki wasu sinadarai cikin jini, waɗanda su ne kururuwar neman taimako. Sa'an nan ta fid da ƙananan ƙugiyoyi, ta koma mai danƙo. Zare-zaren tsokar da suka fashe su ma suna tasu kururuwar.

Wa zai amsa kururuwa in ba dakaru ba?

Ɓarna uku ta fararen ƙwayoyi

A ce tsakar dare aka yi ihu a unguwa, aka ce ɓarawo. Samari suka fito da sanduna da wuta, suka afka gidan da aka yi ihun. Ashe ba ɓarawo, mai gidan ne ya faɗi ya ji ciwo. Amma cikin duhu ba wanda ya tsaya tambaya. Suka cika zaure har mai kawo ruwa ya rasa hanya. Suka karya danga, suka tattake shuka. Ihu ya ƙaru, wasu samarin suka ƙara zuwa.

Haka 'yan gaba-dai ke yi. Kururuwar tsokar da ta ji yunwa iri ɗaya ce a wurinsu da kururuwar mikin da ƙwayoyin cuta suka shiga. Ba su iya rarrabewa. Da sun iso sai su rage gudu, su riƙa mirginawa a jikin bango. Sa'an nan su maƙale. Sa'an nan su kutsa su shiga tsoka, kamar yadda Cohnheim ya gani a jikin kwaɗo. Su kan fara taruwa tun awa ta fari, su yi ta ƙaruwa har kwana guda. Ga ɓarnar da su ke yi.

Ta fari, suna toshe hanya. Farar ƙwaya ta fi ja girma, ta kuma fi ta tauri. Ja ta kan lanƙwashe ta wuce. Fara kuwa, in ta harzuƙa, sai ta ƙara tauri ta cije a ƙaramar hanya, kamar jaki mai kaya a lungu. Duk jajayen da ke bayanta su tsaya. To, ga babbar jijiya a buɗe, likita na jin bugun jini a idon sawu, amma can ciki wasu zare-zaren ba su sami ko ɗigo ba. Yunwarsu ta ci gaba.

Ta biyu, suna huda bango. Duk inda suka maƙale suka kutsa, shimfiɗar hanyar jini ta kan yi ɓaraka. Ruwan jini ya riƙa tsiyaya cikin tsoka. Kumburin da Bywaters ya gani ke nan. Cinya guda tana iya shanye lita da yawa. Shi ya sa ƙarfin bugun jini ke faɗuwa ko da ba a ga jini ya zuba a ƙasa ba. Ruwan ya bar hanyarsa ya shige nama.

Ta uku, suna zuba guba. Makaman da su ke kashe ƙwayoyin cuta da su masu ƙarfi ne. Suna da nasu tartsatsin, mai yawa. Suna yin wani ruwa ɗan'uwan bilic, wanda mata ke wanke farin tufa da shi. Suna kuma da wasu sinadarai masu narka nama. In akwai abokin gaba, a kansa su ke ƙarewa. In babu, sai su ƙare a kan zaren tsoka. Zaren da ya galabaita, wanda da an bar shi da ya farfaɗo, sai ya ƙarasa mutuwa. Wanda ya mutu kuma ya ƙara kururuwa, wasu dakarun su ƙara zuwa.

Akwai abin da ke ƙara tsananta lamarin. Duk wanda ya taɓa fiɗar rago ya san farin tantanin nan mai ƙarfi da ke naɗe da tsoka. Mu ma muna da shi, ba ya kuwa miƙewa. A ƙwauri, ya raba tsoka ɗaki huɗu. In tsoka ta kumbura cikin ɗakinta ba ta da wurin zuwa, sai ta matse hanyoyin jininta da kanta. Jini ya sake yankewa, wannan karo ba bango ba igiya. Maganinsa sai likita ya tsaga tantanin da wuƙa, tsoka ta sami sarari. In aka yi jinkiri, a rasa ƙafa.

Yadda aka tabbatar

Wani zai ce, ina aka san dakarun ne ke ɓarna? Watakila zuwa kawai suka yi suka tarar da ita. Tambaya ce mai kyau, masana ma sun yi ta.

A 1988 masana uku a Amurka, Korthuis da Grisham da Granger, suka gwada a tsokar cinyar kare. Suka hana ta jini awa 4. Sa'an nan suka kasa gwajin biyu. A kashi ɗaya suka mai da jini yadda ya ke. A ɗayan kuwa suka tace jinin tukuna, suka fid da fararen ƙwayoyi. Yunwa ɗaya, lokaci ɗaya, oksijin ɗaya. Tsokar da ta sami jini da fararensa, hanyoyinta suka yi yoyo, jini ya riƙa wucewa da ƙyar. Wadda ta sami tatacce kuwa, ɓarnarta kaɗan ce ƙwarai.

Wasu masanan suka bi ta wata hanya. Suka bar fararen ƙwayoyi cikin jini, amma suka ba dabbobin maganin da ke hana su maƙalewa a bango. Nan ma ɓarna ta ragu. Hanya biyu sun kai wuri ɗaya, magana ta tabbata.

Me ya sa ba a kawad da su?

To, tun da haka ne, me ya hana a ba kowane mai irin wannan rauni maganin hana maƙalewa? An gwada. An ba mutane masu ciwon toshewar jijiyar zuciya, aka bayyana sakamako a 2001 da 2002. Bai taimaka ba. An gwada wani irinsa ga masu shanyewar ɓarin jiki, aka bayyana a 2001. Waɗanda suka sami maganin ma sun fi shan wahala, zazzaɓi ya fi kama su. Jikin mutum mai ciwo ba daidai ya ke da tsokar kare a ɗakin gwaji ba. A jikin mutum masu ɓarna da yawa ne, fararen ƙwayoyi kashi ɗaya ne cikinsu.

Ban da haka, garin da ba dakaru ba ya kwana lafiya. A kan haifi wasu jarirai, ko da ya ke ba su da yawa, waɗanda fararen ƙwayoyinsu ba su iya maƙalewa ko kaɗan. Cibiyarsu ta kan yi makonni ba ta faɗi ba. Mikinsu ba ya yin mugunya, ba ya kuma warkewa. Ƙwayoyin cuta su yi ta cin su. Mutumin da bango ya danne, ga raunuka cike da ƙasa, in aka ɗaure hannun dakarunsa an yi garin neman gira an rasa ido.

Kuma gyara ma aikinsu ne. Bayan kwana ɗaya zuwa uku sai masu shara su iso. Su cinye mataccen nama, su kwashe gawawwakin 'yan gaba-dai. Sa'an nan su sake hali, su kwantad da tarzoma, su ta da wasu 'ya'yan tsoka da ke barci a gefen kowane zare. Wani masani, Alexander Mauro, shi ya gano 'ya'yan nan a 1961. Su ke hayayyafa su haɗu su zama sabon zare. An gwada a ɓeraye, in aka hana masu shara zuwa, tsoka ba ta warkewa sosai.

Ɓarnar da ke bin jini

Jinin da ya shiga ƙafa ba ya tsayawa can. Sai ya koma zuciya, ɗauke da duk abin da ya wanko.

Yana ɗauke da fotasiyam. In ya yi yawa cikin jini ya kan rikita bugun zuciya, har ta tsaya farat ɗaya. Shi ya sa wani ya kan mutu jim kaɗan bayan an fid da shi.

Yana ɗauke da jan launin tsoka, wanda a ke kira mayogulobin. Shi ne abu mai duhun da Bywaters ya samu. Ƙoda ita ce matatar jini. In ruwa ya yi ƙaranci a jiki, launin nan ya kan daskare a magudananta, ya kuma ƙone su.

Yana ɗauke da kururuwar tsoka. Fararen ƙwayoyin da suka harzuƙa su kan je su maƙale a huhu, su sa shi yoyo, numfashi ya yi wuya.

Yau akwai dabarun da babu su a 1941. Babbarsu ita ce ƙarin ruwa da wuri, don a wanke ƙoda kafin ta toshe. A 1982 wani babban gini ya rushe a garin Taya ta ƙasar Lebanon. Mutum bakwai da aka yi wa ƙarin ruwa mai yawa tun da wuri, ba wanda ƙodarsa ta tsaya. In kuwa ta riga ta tsaya, akwai injin wankin ƙoda, mai riƙe mutum har tasa ta farfaɗo. Bayan girgizar ƙasar da aka yi a yankin Marmara na Turkiyya ran 17 ga Agusta 1999, an ƙidaya mutum 639 da ƙodarsu ta taɓu. An yi wa 477 wankin ƙoda, mafi yawansu kuwa sun rayu.

Abin da ya kamata mu yi

A nan ƙasarmu ba mu cika ganin girgizar ƙasa ba. Amma katanga ta kan faɗi da damina. Rijiya da ramin haƙar ƙasa su kan rufta. Mota ta kan kife da mutane. Ga kuma ɗaurin da mu ke yi da hannunmu. Sai mu riƙe waɗannan.

1. In abu ya danne mutum, a aika neman ma'aikatan lafiya tun ana fara tono. In sun iso da wuri za su sa masa ruwa tun kafin a ɗaga nauyin. In ba su iso ba, kada a bar shi ƙarƙashi ana jira. A fid da shi da zarar an ga ba hatsari ga masu ceto.

2. A kai shi asibiti ran nan, ko da ya ce lafiyarsa lau. A gaya wa likita awa nawa ya yi a danne. In asibiti na da nisa, shi kuma yana cikin hankalinsa, ba rauni a cikinsa, a ba shi ruwa mai tsabta ya riƙa kurɓa. Kada a yi ta murza ƙafar. Kada a saya masa ƙwayoyin kashe zafi a kasuwa, wasunsu suna cutar ƙoda.

3. A lura da fitsarinsa. In ya koma kamar shayi, ko ya ragu, ƙoda na cikin hatsari.

4. In maciji ya sari mutum, kada a ɗaure wurin tamau da igiya ko roba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana. Ɗaurin ba ya warkad da dafi, sai dai ya kashe tsoka. A cire zobe da awarwaki, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a kai shi inda ke da allurar dafin maciji. In an riga an ɗaure ya daɗe, a bar ma'aikatan asibiti su kwance.

5. In jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa, a fara danne wurin da ƙyalle mai tsabta. Sai in ya ƙi tsayawa za a ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, a matse har jini ya tsaya, gama nan rai a ke ceto. Wanda ya iya rubutu ya dubi agogo, ya rubuta lokacin a takarda, ya maƙala a rigar mai ciwon. Kada a riƙa kwancewa ana ɗaurewa a hanya. An bar wannan tsohuwar koyarwa.

6. In an yi wa mutum ɗori, a riƙa duban yatsunsa. In sun kumbura, ko sun yi sanyi, ko sun sage, ko kuwa zafi na ƙaruwa har ba ya bari a taɓa yatsa, ɗaurin ya yi tsanani. A sassauta nan take, a tafi asibiti. Yara da yawa sun rasa hannu saboda an ce su daure.

7. Mutumin da ya suma, ko mai jinyar da ba ya iya motsi, kada a bar shi kwance a kan hannu ko ƙafa ɗaya awa da awoyi. Nauyin jikinsa ya isa ya danne tsoka. A riƙa juya shi kowace awa biyu.

Duk waɗannan, maganarsu ɗaya ce: lokaci. Gwargwadon daɗewar tsoka ba jini, gwargwadon ƙarfin kururuwarta, gwargwadon kuma yawan dakarun da za su afka mata in jini ya komo. Mu ba mu da ikon tsai da dakarun. Amma muna da ikon rage awoyin, mu kuma kai ɗan'uwanmu ga likita tun yana magana da bakinsa.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin jajayen ƙwayoyin jini? Na farare fa?
2. Awa nawa tsoka ke iya jurewa ba jini kafin ta fara mutuwa?
3. Faɗi ɓarna uku da fararen ƙwayoyi ke yi in jini ya komo.
4. Yaya aka tabbatar da haka a 1988?
5. Katanga ta danne maƙwabcinka awa huɗu. An fid da shi, ya ce ba abin da ya same shi, zai koma gida ya kwanta. Me za ka ce masa?
6. Rubuta a littafinka: An ɗaure da ƙarfe 4 da rabi na yamma.